Yadda ake cin moriyar tsofaffin tambayoyi a shirin jarrabawar kwamfuta

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, babu littafin da ya kai na tsofaffin tambayoyi kasuwa. Ɗalibi zai saya, ya karanta tambaya, ya leƙa bayan littafi ya ga an ce amsa C ce, ya gyaɗa kai ya wuce. A haka zai cinye tambayoyin shekara goma cikin mako biyu, ya ɗauka ya gama shiri. Ranar jarrabawa sai a sauya lamba ɗaya tak cikin tambayar da ya saba gani, ya rasa inda zai kama.

Darasin kwamfuta ba ya yi wa irin wannan karatun sassauci. Kusan rabinsa aiki ne da ake yi da hannu: juya lamba daga wannan tushe zuwa wancan, cike jadawali, bin shiri, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, layi bayan layi har a ga abin da zai fitar. Wanda ya haddace amsa bai koyi aikin ba. Amfanin tsohuwar tambaya shi ne ta tono maka inda kake da shakka, kai kuma ka bi shakkar nan har gindinta. Jagorar nan ta ɗan aji shida na sakandare ce, da mai shirin JAMB, da ɗan shekarar farko a jami'a ko kwaleji, domin batutuwan da ake gwada su a kai kusan ɗaya ne.

Fara da manhajar karatu, sannan tambayoyi

Kafin ka taɓa tambaya ko ɗaya, nemi manhajar hukumar da za ta yi maka jarrabawa, ta shekarar da za ka zauna, saboda ana sauya sunayen darussa da tsarin takardu lokaci zuwa lokaci. Malaminka yana da ita, kuma hukumomin suna sanya ta a intanet. Ka kwafe kanun batutuwan a takarda guda: tarihin kwamfuta, sassanta, tushen lambobi, ƙofofin lojik, algoridim da zanen tafiyar aiki, harshen rubuta shiri na BASIC, Word da Excel, rumbun bayanai, sadarwa da intanet, tsaro da ladubba.

Daga nan ka tara tambayoyin shekara biyar zuwa goma. Kada ka bi su shekara-shekara tun yanzu. Ka rarraba su bisa batu: duk tambayar tushen lambobi wuri ɗaya, duk ta BASIC wuri ɗaya. Alamar fensir a gefen kowace tambaya ta isa. Idan ka jera tambaya ashirin a kan batu guda za ka gane cewa abu uku ko huɗu ne ake juyawa, lambobin kawai ke sauyawa. Ka ware takardun shekara biyu na baya-bayan nan, kada ka ko leƙa su, suna da aikinsu a ƙarshe.

Zaman farko: a rufe amsa

Ka ɗauki tambaya goma zuwa goma sha biyar daga batu ɗaya, ka rufe shafin amsoshi, ka ajiye waya nesa. Kowace tambaya ka amsa, ka sa mata alama ɗaya cikin uku: na tabbata, ina kokwanto, cinta na yi. Wannan alamar ita ce jigon aikin gaba ɗaya. Yawancin ɗalibai waɗanda suka faɗi kaɗai suke komawa, su bar waɗanda suka dace da su. To tambayar da ka cinta ka dace ta fi wadda ka faɗi haɗari, domin ta ɓoye maka rashin saninka, kuma ba lallai sa'a ta sake zuwa ba.

Bayan ka duba amsoshi, duk wadda ka faɗi da duk wadda ka ci cikin kokwanto ta shiga littafin shakku. Ƙaramin littafin rubutu ne mai ganye arba'in, ba ka rubuta komai a cikinsa sai wannan. Kowace shakka ta samu abu uku: tambayar a taƙaice, abin da ka zaɓa da dalilin da ya sa ka zaɓe shi, sai abin da ya zama daidai da dalilinsa cikin kalmominka. Na tsakiyar nan shi ake yawan tsallakewa, alhali shi ne mai magani. Idan ka rubuta dalilinka za ka ga ko ba ka san abin ba ne sam, ko ka sani ka haɗa shi da wani, ko Turancin tambayar ne ya ruɗe ka, ko gaggawa ce kawai. Kowanne da gyaransa. Na farko komawa littafi ne. Na biyu sai ka jera abubuwan biyu gefe da gefe ka rubuta bambancinsu. Na uku kuwa ka koyi ja wa kalmomi irin su NOT da EXCEPT layi kafin ka dubi zaɓi, domin su kaɗai suna juya tambaya ta koma akasinta.

Tushen lambobi, inda maki ke zubewa a banza

Bari mu zauna a nan sosai, domin babu takardar da za ta zo ba tare da shi ba.

Tambaya: juya 46 zuwa tushe biyu, wato a rubuta ta da 0 da 1 kawai. Za ka yi ta rabawa da 2 kana rubuta ragowa. 46 raba 2 ya ba da 23, ragowa 0. 23 ya ba da 11, ragowa 1. 11 ya ba da 5, ragowa 1. 5 ya ba da 2, ragowa 1. 2 ya ba da 1, ragowa 0. 1 ya ba da 0, ragowa 1. Ana karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama, amsa 101110.

Shakkar da ta fi yawa ita ce: daga sama ake karantawa ko daga ƙasa? Kada ka dogara da hadda, ka gwada amsarka. Kowane gurbi a tushe biyu yana da nauyinsa, daga dama zuwa hagu: 1, 2, 4, 8, 16, 32. A cikin 101110, gurbin 32 da 8 da 4 da 2 ne ke ɗauke da 1, jimlarsu 46. Daidai ke nan. Da daga sama ka karanta, 011101 za ka samu, wanda jimlarsa 29 ce, nan take ka san ka kauce. Gwajin nan bai fi daƙiƙa goma ba.

Ga abin da ya sa na nace a kan alamar kokwanto. Idan aka ba ka 45, amsarta 101101 ce, kuma ko ta ina ka karanta ta abu ɗaya za ka gani. Ɗalibin da ke karantawa a juye zai ci wannan tambaya, ya tafi da tabbacin ya iya, sai 46 ta kama shi a zauren jarrabawa. Saboda haka duk tambayar lissafi da ka ci, ka sauya lambar da kanka ka sake yi.

Zuwa tushe takwas da tushe goma sha shida akwai gajeriyar hanya. Ga tushe takwas, ka yanka lambar uku-uku daga dama: 101 da 110, wato 5 da 6, amsa 56. Gwaji: 5 sau 8 ya ba da 40, a ƙara 6, 46. Ga tushe goma sha shida, huɗu-huɗu daga dama: 1110, sai ragowar 10 da za ka cika da sifili ta koma 0010. Na farko 2, na biyu 14. A wannan tushe 10 zuwa 15 ana rubuta su A zuwa F, don haka 14 ita ce E, amsa 2E. Wanda ya fara yanka daga hagu zai samu 1011 da 10, ya rubuta B2, kuma sau da yawa zai tarar da irin wannan amsar tana jiransa cikin zaɓi, domin masu tsara tambaya sun san kurakuran da aka saba yi, da su suke gina zaɓin ƙarya.

Tarawa: 1011 da 110. Ka jera su daga dama. 1 da 0 sun ba da 1. 1 da 1 sun ba da 10, ka rubuta 0 ka riƙe 1. 0 da 1 da wanda ka riƙe, 10 kuma, rubuta 0 riƙe 1. 1 da wanda ka riƙe, 10. Amsa 10001. A tushe goma 11 da 6 ne, 17, kuma 10001 ita ce 16 da 1.

Ma'aunin ajiya ma nan ya faɗo. Bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya; bit 4 nibil ne, bit 8 bayit ne, bayit 1024 kilobayit ne a lissafin littattafan makaranta. Idan aka ce bit nawa ne cikin kilobayit 2, sai ka buga 2 sau 1024 sau 8, ka samu 16,384. Wani zai ce, to me ya sa filashin da aka rubuta wa 16GB yake nuna kusan 14.9 a Windows? Masu ƙera shi da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024. A jarrabawa ka riƙe 1024, sai fa idan tambayar da kanta ta ce a yi da 1000.

Ƙofofin lojik

George Boole ne ya shimfiɗa lissafin gaskiya da ƙarya a 1854, kuma a kansa aka gina waɗannan ƙofofi, wato ƙananan da'irorin lantarki masu karɓar 0 ko 1 su fitar da 0 ko 1. Ka ɗauki AND kamar shago mai kwaɗo biyu, ba ya buɗuwa sai an buɗe duka biyun, OR kuma gida mai ƙofa biyu, ko wacce ke buɗe ka shiga. NOT juyawa kawai take yi, 1 ta koma 0. NAND ita ce AND da aka juya sakamakonta, NOR kuma OR da aka juya.

Inda ake rikicewa shi ne tsakanin OR da XOR. Idan mashiga biyun duk 1 ne, OR tana ba da 1, XOR tana ba da 0, domin XOR ba ta ba da 1 sai mashigan biyu sun saɓa. A sauran layuka uku na jadawalin da ke jera mashiga da sakamakonsu ba su da bambanci. Layi ɗaya ne ya raba su, kuma a kansa ake tambaya.

Wajen zana jadawali, mashiga biyu layi 4 ne, mashiga uku layi 8. Don kada ka tsallake layi, ka cike ginshiƙin ƙarshe da 0, 1, 0, 1 har ƙasa, na tsakiya 0, 0, 1, 1, na farko kuma sifili huɗu sannan ɗaya huɗu. Idan aka haɗa ƙofofi, kada ka yi lissafin da ka. Ka buɗe wa kowace ƙofa ginshiƙinta. Misali an haɗa A da B a AND, an juya C da NOT, an zuba sakamakon biyun cikin OR. Idan A 1 ce, B 0, C 0: AND ta ba da 0, NOT ta ba da 1, OR ta ba da 1. A takardar rubutu ginshiƙan tsakiyar nan suna nuna wa mai duba takarda hanyar da ka bi, ko da ka yi tuntuɓe a ƙarshe.

Bin shiri da fensir

Ɗalibai da yawa a makarantunmu suna karanta BASIC ba tare da sun taɓa ganin shiri yana gudana a kan allo ba, ko don babu kwamfuta, ko akwai amma babu wuta. Abin yana da ciwo, amma bai isa ya kayar da kai a wannan sashe ba, domin a takardar zaɓi da ta rubutu kowa da fensir yake bin shiri. John Kemeny da Thomas Kurtz sun ƙirƙiro harshen a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin masu koyo, kuma umarninsa kaɗan ne. Duba wannan:

10 LET S = 0
20 FOR K = 1 TO 7 STEP 2
30 LET S = S + K
40 NEXT K
50 PRINT S
60 END

Ka ja ginshiƙi biyu, K da S. Da farko S 0 ce. K tana 1, S ta koma 1. STEP 2 na nufin tsallen biyu-biyu, don haka K ta koma 3, S ta zama 4. K 5, S 9. K 7, S 16. Tsalle na gaba 9 ne, ya wuce 7, zagaye ya ƙare. Za a buga 16.

Yanzu dubi yadda kowane kuskure ke da tasa amsar. Wanda bai lura da STEP ba zai tara 1 zuwa 7 ya samu 28. Wanda ya ɗauka ana tsayawa kafin a kai 7 zai samu 9. Wanda ya bi K maimakon S zai ce 7. Idan ka faɗi irin wannan tambaya, zaɓin da ka ɗauka shi zai gaya maka ciwonka, shi ya sa ake rubuta shi a littafin shakku.

Layi na 30 shi ne ke tsaya wa masu ƙarfi a lissafi a rai: ta yaya S za ta yi daidai da S da K? Alamar a nan umarni ce. S suna ne na wani gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana cewa ɗauki abin da ke cikin gurbin, ƙara masa K, mayar da sabon sakamako cikin gurbin, tsohon ya goge. Da zarar wannan ya zauna maka, rabin tambayoyin shiri sun warware.

Sai ka yi wa shirin wasu sauye-sauye da kanka. Idan aka ɗauke PRINT aka sa shi tsakanin layi na 30 da na 40, ya shiga cikin zagaye, za a buga 1, 4, 9, 16. Idan S ta fara da 1, amsa 17. Idan aka mayar da tarawa ninkawa alhali S tana 0 tun farko, amsa 0 komai yawan zagayen. Tambaya ɗaya ta haifi uku, kuma irin sauyin da masu tsara jarrabawa ke yi ke nan.

Wasu ƙananan tarkuna na wannan sashe da ya kamata su shiga littafinka tun yau. SQR tushen murabba'i ce, SQR(16) 4 ce, ba 256 ba. INT tana saukowa zuwa cikakkiyar lamba ta ƙasa, INT(7.9) 7 ce, INT(-7.2) kuwa -8. MOD ragowa take bayarwa, 17 MOD 5 ta ba da 2. Ninkawa da rabawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bin su: 20 - 8 / 4 * 2 ya zama 20 a cire 4, wato 16. Wanda ya fara ninka 4 da 2 zai ƙare da 19. A 2 + 3 * 4 ^ 2 kuwa ana fara ɗaga 4 ta zama 16, a ninka da 3, a ƙara 2, amsa 50.

Zanen tafiyar aiki haka ake binsa, da ginshiƙai da fensir. Siffofinsa ne kawai za ka riƙe: mai kamar ƙwai farawa da tsayawa, mai kusurwa huɗu aiki, mai siffar daimon yanke hukunci, mai karkatattun gefe shigarwa da fitarwa.

Abin da sai an haddace

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Pascal ya ƙera na'urar tarawa a 1642. Charles Babbage shi ake kira uban kwamfuta, Ada Lovelace kuma ana ɗaukarta mai rubuta shiri ta farko. Herman Hollerith ya yi amfani da kati mai huji a ƙidayar Amurka ta 1890. Zamunan kwamfuta ka riƙe su da abin da aka gina su da shi: bututun lantarki irin na kwamfutar ENIAC, sai tiranzista, sai haɗaɗɗen da'ira, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin Intel 4004 ta 1971. Littattafai suna saɓawa a kan shekarar da kowane zamani ya fara, amma ba sa saɓawa a kan wannan jeri, kuma shi aka fi tambaya.

Sauran tagwaye ne masu kama da juna. RAM da ROM ma'ajiya ce a cikin kwamfuta: RAM tana mantuwa idan wuta ta ɗauke, ROM ba ta mantuwa. Kamfaila tana fassara shiri gaba ɗaya kafin ya gudana, intafirita layi-layi. Intanet ita ce hanyar da ta haɗa kwamfutocin duniya, WWW kuma shafukan da ke tafiya a kanta ne, Tim Berners-Lee ya kawo tsarinsu a 1989. Allon waya da ake taɓawa na shigarwa ne kuma na fitarwa. Ka rubuta su bibbiyu a kan ƙananan takardu, tambaya a gaba amsa a baya, ka riƙa bita gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Wanda ya yi makarantar allo ya san abin da ke faruwa da haddar da ba a tilawa.

Idan amsarka ta saɓa da ta littafi

Amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa ba hukumar jarrabawa ce ta rubuta su ba. Masu buga littafin ne, kuma ana samun kuskure a ciki, wani na bugu, wani na fahimta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake tambaya a waya su ma suna ba da amsar kuskure cikin cikakken tabbaci, musamman a lissafi. Don haka idan kuka saɓa, kada ka yi saurin goge taka, kada kuma ka kafe. Ka sake yin aikin ta wata hanya dabam: idan rabawa ka yi, gwada da nauyin gurbi. Idan shiri ne kuma akwai kwamfuta a kusa, QB64 kyauta ce kuma tana gudanar da BASIC, ka rubuta ka gani da idonka. Idan ma'anar kalma ce, duba littafi na biyu. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takarda a shafinta na intanet, inda suke bayyana abin da suka so a rubuta da inda ɗalibai suka gaza. Ban san wani abu da ya kai shi amfani ga takardar rubutu ba, kuma kaɗan ne ke karanta shi.

Abin da ya ƙi warwaruwa sai a kai wa malami, kuma kai tambaya ma iyawa ce. Wanda ya ce, "Malam, ban gane lojik ba," ya ɗora wa malami sake koyar da darasin mako biyu a tsaye a bakin ofis. Ka je da littafinka a buɗe ka ce, "Allah ya gafarta Malam, ga tambayar. Na yi AND na samu 0, na juya C na samu 1, OR ta ba ni 1, amma littafi ya ce 0. A ina na kauce?" Cikin minti biyu zai sa yatsa a wurin, ko ya ce maka littafin ne ya yi kuskure. Kada kunya ta hana ki, ke ɗaliba, ko kai da kake ganin tambayarka ta yi ƙanƙanta. Yawanci rabin aji suna ɗauke da shakkar nan, kowa ya yi shiru.

Ƙungiyar karatu ta mutum uku ko huɗu tana da amfani idan aka kafa mata ƙa'ida ɗaya: ba a karɓar harafi a matsayin amsa. Duk wanda ya ce B ce, sai ya tashi ya nuna yadda aka yi ta zama B, ya kuma faɗi abin da ya kashe sauran ukun. Zauren WhatsApp mai mutum ɗari inda ake jefa hoton tambaya kowa ya rubuta harafinsa ya fi ƙara ruɗani. Masu tallar amsar jarrabawa kafin ranarta kuwa ka nisance su gaba ɗaya. Ban da haramcin abin da haɗarin a soke maka sakamako, kuɗinka za su ci.

Aikin hannu

Wannan kam sai an taɓa kwamfuta. Idan ta makaranta ba ta samuwa, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi awa a shagon kwamfuta, ku je da tambayoyin a rubuce don kada lokaci ya tafi a lalube. A Word: buga sakin layi, kaurara rubutu, jera shi tsakiya, zana tebur, sa lambar shafi, ajiye fayil da ainihin sunan da aka umarta. A Excel, bambanci biyu ne ke cin mutane. =SUM(A1:A5) tana tara gida biyar, =SUM(A1,A5) gida biyu kawai. Sai alamar dala: idan adadin buhuna yana ginshiƙin B, farashin buhu ɗaya yana D1, ka rubuta =B2*$D$1. Idan ka ja ta ƙasa B2 za ta koma B3, D1 kuma ta tsaya cak. Ba tare da alamar ba za ta zame zuwa D2 inda babu komai, ka ga sifili ya cika maka shafi. Excel tana da manhajar waya, kuma ta isa a gwada waɗannan. Ka saba da danna Ctrl da S bayan kowane ɗan aiki, saboda wuta ba ta sallama kafin ta ɗauke.

Makonni biyu na ƙarshe

Yanzu ka ɗauko takardun nan biyu da ka ware. Ka zauna kamar a zaure, da agogo, babu tashi. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, tambaya 50 ce ta zaɓi cikin awa ɗaya, wato daƙiƙa 72 kowace. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, daƙiƙa 40 kowace, kuma a kan kwamfuta, don haka ka yi gwaji a kan allo kafin ranar. Ka bi takarda zagaye biyu: na farko ka kwashe na hadda da duk wanda ka gani ka sani, ka tara lokaci. Na biyu ka dawo kan na lissafi da bin shiri, waɗanda ke son minti biyu da fensir. A takardar rubutu, karanta duka tambayoyin kafin ka zaɓa, ka fifita mai jadawali ko juya lamba idan hannunka ya faɗa, domin amsarsu ba ta da gardama, kuma kana iya gwada ta kafin ka miƙa.

Abin da ka faɗi a gwajin farko ya shiga littafin shakku, ka ba shi kwana huɗu ko biyar, sannan ka zauna wa takarda ta biyu. A kwana uku na ƙarshe kada ka buɗe sabon batu. Ka bi littafin shakku daga shafin farko, ka rufe amsar da hannu, ka sauya lambobin, ka sake yin kowace tambaya. Wadda ta fita sau biyu a jere ka soke ta. Waɗanda suka rage su za ka kwafe a takarda guda ka duba da safiyar jarrabawa, ka bar takardar a gida.